Awon Ƙafa

Shekara goma sha ɗaya ina bin Barmu ɗan Gafati,
shi bai bi ni ko taku ɗaya ba.
Na san ranar da ya fara shiga fagen kokawa,
na san kafaɗar da ta goce masa a Maraɗi, ta hagu ce,
na san ba ya cin kuɓewa in gasa ta matso.
Wa ya gaya mini? Rediyo, da teburin mai shayi,
da zuciya, wadda ba ta rasa abin ƙarawa.

Ni baduku ne a Zango.
Rumfata taku huɗu ce, tana warin jima da bagaruwa.
Hotonsa na manne bisa ƙusar da nake rataye almakashi.
Rana ta cinye rabin fuskar,
sauran da ka nake cikawa.

Daren da aka kai shi ƙasa a Tawa
na kashe rediyo kamar mai shafe idon mamaci.
Tasalla ta ajiye tuwo, ya kwana, ya koma ɗumame.
Ta ce, "Ran da kawunka ya rasu ai ka ci."
Ban tanka ba.
Da ta haihu, liman ya ce Idrisu,
ni na ce Barmu, na yi ta faɗa
har sunan yanka ya gaji ya bar mana gidan.

Sai wata Alhamis, rana tsaka,
jama'a na kwarara Kasuwar Dole,
'yan ga-ruwa na musu a layin famfo,
inuwa ta toshe mini ƙofa.
Na ɗaga kai.
Bai kai tsawon da na ba shi ba.
Furfura ta fara leƙowa a gemu.
Ya ce, "Mai takalma, nawa kake ɗinki?"

Ina da magana, na daɗe ina jeme ta
har ta yi laushi kamar fatar ɗan akuya:
yadda na sayar da keke na bi shi Agadas,
yadda na yi gaba da maƙwabci wata bakwai
don ya ce tsufa ya kama shi.
Na buɗe baki.
Abin da ya fito: "Ɗora ƙafa nan."

Kwalin sukari, guntun fensir.
Na durƙusa na zagaye ƙafar da ta ɗaga maza sama.
Akwai faso a diddige, irin nawa.
Farce ɗaya ya mutu.
Shi kuwa yana kan waya, yana faɗa kan kuɗin siminti.

Na yi niyyar cewa kyauta ne.
Ya riga ni: "Jikka uku."
Bakina, wanda ya fi ni sanin sana'a, ya ce, "Albarka."
Muka daidaita a biyar.
Hotonsa na bisa kansa, taƙi biyu tsakani,
su biyun ba su gaisa ba.
Bai tambayi sunana ba. Ya ce, "Sai Asabar."

Kwana uku na yi a kansu,
jar fata, zare kore, ɗinki biyu inda ɗaya ya isa.
Asabar ta zo, ta sha shayi, ta tafi.
An yi damina biyu tun daga nan.
Ba na jin haushi. Me ya ɗauka nawa?
Bashin da nake binsa, ni na rubuta, ni na sa hannu,
shi ko labarin takardar bai ji ba.

Suna nan rataye. Masu saye kan gwada,
ƙafarsu ta yi iyo a ciki, su ajiye.
Jiya ƙaramin Barmu ya zura nasa ƙafafun,
ya ja su ƙiii har bakin titi, yana dariya.
Na ce, "Ka san na wane ne?"
Ya ce, "Na wa?"
Shi ƙwallo yake so.
Akwai wani Bature mai lamba tara
manne a bangon ɗakin uwarsa,
kullum sai ya yi masa sai da safe.